Ɓarnar Baƙon Alade a Tsibiran Tsakiyar Teku

Gabatarwa

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kuwa kaba. Abin nufi shi ne, komai daɗewar baƙo wata rana zai naɗe tabarmarsa ya kama hanya. A fagen ilmin halittu kuwa akwai baƙin da wannan karin magana bai hau kansu ba. Su ne dabbobi da tsirrai waɗanda ɗan Adam ya ɗauko daga mazauninsu na asali, da gangan ko bisa kuskure, ya kai su wata ƙasa, suka sami wurin zama, suka hayayyafa, har suka fi ƙarfin 'yan gari. Masana na kiransu baƙin halittu masu mamaya. Ba kowane baƙo ne ke kai wa ga haka ba. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, daga ƙasar Indiya aka kawo ta, ga shi kuma ta zama inuwar garuruwa da ƙauyuka a ƙasar Hausa. Baƙo na zama mai mamaya ne a lokacin da yaɗuwarsa ta fara kawar da halittun da ya tarar.

A shekarar 2000 ƙungiyar kare halittu ta duniya da aka fi sani da IUCN ta fitar da jerin baƙin halittu 100 waɗanda suka fi kowa ɓarna a doron ƙasa. Alade na cikin jerin, tare da ɓera da kyanwa da akuya. Yawancin masu karanta wannan mujalla ba su kiwon alade, ba su kuma cin namansa, saboda haka mai yiwuwa ne ɗalibi ya yi mamakin abin da ya haɗa shi da wannan dabba. Dalilin shi ne, da wuya a sami misalin da ya fi labarin alade a tsibirai fito da yadda rayuwar halittu ke saƙe da juna. Ya kamata kuma a rarrabe shi da gadu, wanda ake gani a dazuka irin su Yankari. Gadu ɗan asalin Afirka ne, yana zaune cikin zakuna da kuraye da suka san shi, ya san su. Wanda ake magana a kansa a nan shi ne aladen gida, mai sunan kimiyya Sus scrofa, wanda ya kuɓuce daga hannun mutane ya koma dawa.

Yadda ya ƙetare teku

Alade ya iya iyo, amma ba zai iya ratsa ɗaruruwan kilomitoci na ruwan gishiri ba. Duk tsibirin tsakiyar teku da aka tarar da shi, to mutum ne ya kai shi. Mutanen Folinesiya, waɗanda suka mamaye tsibiran Tekun Fasifik cikin manyan kwale-kwale, sukan tafi da aladu da karnuka da kaji da irin shuka. Ta haka ne ƙananan aladu suka isa Hawayi kimanin shekaru 800 zuwa 1,000 da suka wuce.

Daga ƙarni na 16 kuma sai matuƙan jiragen ruwan Turai suka shigo da wata al'ada. Tafiyar teku a wancan zamani takan ɗauki watanni, babu firji, nama sai busasshe ko mai gishiri, jirage kuma na yawan fashewa a kan duwatsu. Saboda haka idan matuƙa suka ratsa ta wani tsibiri da babu kowa, sai su saki namiji da mace na alade ko akuya, da niyyar duk wanda ya biyo baya ya sami nama. Dabarar kuwa ta yi aiki. Turawan Ingila da jirginsu ya fashe a Bamuda a 1609 sun rayu da naman aladun da 'yan Sifen suka bari can tun da daɗewa, har ma kuɗin ƙarfe na farko da aka buga wa tsibirin hoton alade ne a jikinsa. Kyaftin James Cook ya saki aladu a Niyu Zilan a 1773, ya kuma kai na Turai Hawayi a 1778. Kyaftin Abraham Bristow ya saki nasa a tsibirin Auckland, can kudu da Niyu Zilan, a 1807. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya yi niyyar ɓarna. Rumbu suke ginawa, rumbu mai ƙafa huɗu wanda ke ciyar da kansa.

Abin da ya sa tsibiri ba ya iya kare kansa

Tsibiran da dutse mai aman wuta ya haifar a tsakiyar teku ba su taɓa haɗuwa da wata nahiya ba. Halittun da ke isa can da kansu su ne masu fiffike, da waɗanda iska ke ɗauka, da waɗanda za su iya jure wa makonni a kan gungumen itace cikin ruwa. Tsuntsu na zuwa, ƙwaro na zuwa, ƙadangare da kunkuru kan zo jefi-jefi. Dabba mai shayarwa kuwa, in ban da jemage, kusan ba ta zuwa. Kafin zuwan mutane, jemage ne kaɗai dabbar tudu mai shayarwa a duk Hawayi.

Sakamakon haka na bayyana a jikin halittun. Mai karatu ya dubi itatuwan dajin ƙasar Hausa: aduwa da magarya da farar ƙaya duk ƙaya gare su, tumfafiya kuma farin ruwa mai guba take fitarwa. Waɗannan makamai ne na kare kai daga dabbobi masu kiwo. Yin ƙaya da guba na cin abincin tsiro, don haka a inda babu mai kiwo, tsirran da ba su ɓata ƙarfinsu a kan makami su suka fi yaɗuwa, har a wayi gari bayan dubban shekaru zuriyar ta rasa makamin gaba ɗaya. A Hawayi akwai dangin na'ana'a da yawa waɗanda ba su da ƙamshin da ke korar dabba.

Haka abin yake ga tsuntsaye. Fakara da zabo ma a ƙasa suke yin ƙwai, amma suna ɓoye sheƙa, suna zuba ƙwai da yawa, da sun ji motsi kuma sai su tashi. Babban tsuntsun teku da ake kira albatros kuwa ƙwai ɗaya tak yake yi, wasu irinsa ma sai bayan shekara biyu, kuma yakan shekara bakwai zuwa goma kafin ya fara. Sheƙarsa a fili take, ba ya gudu idan an matso shi. Tsuntsun da haihuwarsa ke tafiyar hawainiya irin wannan ba ya iya mayar da gurbin abin da aka cinye masa. Wannan ne ya sa tsibirai, waɗanda ba su wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na busasshiyar ƙasar duniya ba, su ne suka ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu na tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa da masu jan ciki da dangin kwaɗi da aka tabbatar sun ƙare tun daga shekarar 1500. Tsuntsun dodo na tsibirin Morishiyos, wanda aka yi wa ganin ƙarshe a wajen 1662, na cikinsu, kuma aladu da birai da ɓeraye da jirage suka kawo na cikin abubuwan da ake ɗora wa laifin cinye ƙwansa.

Halittar alade

Abubuwa uku ne suka haɗu suka mai da alade abin tsoro a irin wannan wuri.

Na farko, ba ya zaɓen abinci. Akuya ganye take ci, kyanwa nama, shi kuwa yana cin saiwa da 'ya'yan itace da tana da kaguwa da ƙwai da 'yan tsaki da mushe. Dabbar da ke cin abu ɗaya takan ragu idan abin ya ragu, ta haka abin ya sami sararin farfaɗowa. Alade kuwa idan tsuntsaye suka yi ƙaranci sai ya koma kan saiwa, yawansa bai ragu ba, duk ranar da ya ci karo da sheƙar da ta rage kuma ya cinye ta.

Na biyu shi ne hancinsa. Akwai wani ƙaramin ƙashi a ƙarshen hancin alade wanda ke ƙarfafa shi, ya zama kamar garma. Ga shi da jin wari mai ƙarfi, yana sansano abin da ke binne. Garken aladu kan kafce fili cikin dare ɗaya kamar an yi huɗa. Idan ruwan sama ya sauka a kan gangaren da aka kafce, sai ya kwashe ƙasar ya zuba a rafi, daga nan zuwa teku. Har ila yau, da yake jikinsa ba ya fitar da gumin da zai sanyaya shi, dole ne ya yi birgima cikin taɓo, yana barin kududdufai a bayansa.

Na uku shi ne haihuwa. Cikin aladiya kwana 114 ne, wato wata uku da mako uku da kwana uku. Takan iya ɗaukar ciki tun ba ta cika shekara ba, takan haifi huɗu zuwa takwas a dawa, idan abinci ya wadata kuma ta haihu sau biyu a shekara. Malami na iya ba ɗalibai wannan lissafi a allo: a ƙaddara aladiya ɗaya na haifar 'ya'ya shida a shekara, uku mata, kuma duk suna rayuwa su haihu a shekara mai zuwa. Ke nan kowace shekara yawan mata na ninkawa sau huɗu: 4, 16, 64, 256, a shekara ta biyar 1,024. A zahiri yunwa da cuta na rage wannan adadi, amma lissafin ya nuna abu ɗaya muhimmi. Idan garke na ninkawa sau huɗu, sai an kashe uku cikin kowane huɗu kafin a tsayar da shi inda yake. Ƙiyasin masana a fili bai yi nisa da haka ba, domin sun gano cewa sai ana cire kimanin kashi 70 cikin 100 kowace shekara kafin yawan aladun dawa ya daina ƙaruwa. Farautar nishaɗi ba ta kai wa nan.

Hawayi: alade da sauro

A dazukan Hawayi masu yawan ruwan sama akwai wani tsiro mai suna hapu'u, mara fure, mai tsayi kamar ƙaramin dabino, wanda cikin gangar jikinsa cike yake da sitaci. Alade kan ture shi ya faɗi, ya ƙwaƙule cikin ya cinye, ya bar ɓawon kamar kwami. Ruwan sama na taruwa a ciki. Ƙasar waɗannan duwatsu mai tsotse ruwa ce, ba ta cika riƙe kududdufi ba, saboda haka waɗannan kwamaye da wuraren birgimar aladu su suka zama manyan wuraren ƙyanƙyasar sauro a cikin dajin.

Shi kansa sauron baƙo ne. Babu sauro a Hawayi sai a 1826, lokacin da wani jirgin ruwa ya kawo shi tsibirin Maui. Irinsa shi ne Culex quinquefasciatus, wanda ke ƙyanƙyasa a kwatamin biranen Afirka ta Yamma yana hana mutane barci. Ba shi ke ɗaukar zazzaɓin cizon sauro na mutane ba, wannan aikin Anopheles ne, amma yana ɗaukar ɗan uwansa na tsuntsaye, wato ƙwayar cutar Plasmodium relictum. Ƙananan tsuntsayen Hawayi masu shan ruwan fure ba su taɓa haɗuwa da wannan cuta ba, har akwai waɗanda cizo ɗaya ke kashewa. Daga iri sama da 50 da aka sani, 17 ne suka rage, yawancinsu a kan duwatsun da suka haura mita 1,500, inda sanyi ke hana sauro da ƙwayar cutar sakewa. Ɗumamar yanayi kuma na tura sauron sama sannu a hankali. A 2023 hukumomin Amurka sun bayyana tsuntsayen Hawayi iri takwas a matsayin waɗanda suka ƙare.

Bugu da ƙari, alade na cin 'ya'yan wata baƙuwar gwaiba 'yar asalin Barazil, ya kai irin cikin daji ya kasayar da shi a ƙasar da ya riga ya kafce. Ya yi huɗa, ya yi shuka, ya zuba taki. Gwaibar takan tashi ta cushe, ta hana itatuwan asali samun rana.

Duk da haka ba a yi yunƙurin share aladu daga Hawayi gaba ɗaya ba, domin alade na da gurbi a al'adun mutanen wurin, farautarsa kuma abinci ce ga iyalai da yawa. Abin da hukumomi ke yi shi ne kewaye muhimman dazuka da shingen waya, a fitar da aladun da ke ciki, a bar na waje ga mafarauta. Ko wannan ma an sha jayayya a kansa.

Santa Cruz: laifin da ba a gani da ido

Misalin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na tsibirin Santa Cruz, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 250, a gaɓar Kalifoniya ta Amurka. A nan da tsibiran da ke maƙwabtaka da shi akwai wata yanyawa da ba a samunta ko'ina a duniya, girmanta bai wuce na kyanwar gida ba, nauyinta wajen kilo biyu. Dubban shekaru ita ce babbar mai farauta a tsibirin, don haka da rana tsaka take yawonta, ba ta ɗaga kai ta dubi sama.

A farkon shekarun 1990 akwai kimanin 1,500 a Santa Cruz. Kafin shekara goma ta cika sun koma ƙasa da 100. A tsibirin San Miguel sun faɗo daga 450 a 1994 zuwa 15 a 1999. Da masu bincike suka rataya wa wasu na'urar rediyo a wuya suka bi sawun gawarwakin, sai suka tarar da alamun farcen gaggafa mai ruwan zinare, tsuntsun da a da ba ya zama a waɗannan tsibirai. Tambayar ita ce, me ya kawo shi, me kuma ya zaunar da shi?

Amsar ta kasu biyu. A da akwai wata gaggafa mai farin kai a tsibiran, wadda kifi da tsuntsayen teku take ci, ba ta damu da yanyawa ba, kuma ba ta yarda wata gaggafa ta zauna kusa da ita. Maganin ƙwari na DDT da masana'anta ta zuba a teku ya shiga jikin kifi, ya shiga jikinta, ya sa ɓawon ƙwanta ya yi laushi yana fashewa, har ta ɓace daga tsibiran a wajen 1960. Fili ya zama babu mai tsaro. Na biyu kuma su ne aladun da makiyaya suka kawo a shekarun 1850, waɗanda suka koma dawa suka kai dubbai, suna haihuwa kowane lokaci na shekara. 'Ya'yansu suka zama abincin da ba ya yankewa ga gaggafa mai ruwan zinare.

Gary Roemer da abokan aikinsa sun bayyana wannan alaƙa a wani bincike da suka buga a 2002. Yanyawa ita kaɗai ba za ta iya ciyar da gaggafa ba: da ta ragu, da gaggafar ta ji yunwa ta koma nahiya. Alade ne ya riƙe ta. Shi yana haihuwa da yawa, abin da gaggafa ke ɗauka bai dame shi ba. Yanyawa kuwa sau ɗaya take haihuwa a shekara, 'ya'ya biyu ko uku. Alade bai ci yanyawa ba, bai ƙwace mata abinci ba, amma yawansa ne ya kusan ƙarar da ita. Masana na kiran wannan gasa ta bayan fage, wato dabbobi biyu na cutar da juna ta hanyar maƙiyin da suka yi tarayya a kansa. Wani abin lura kuma, da yanyawa ta ragu sai wani irin bodari na tsibirin ya ƙaru ƙwarai, domin shi da dare yake fita, gaggafa ba ta ganinsa, ga kuma abokiyar gasarsa ta kau.

A nan ne aka fuskanci haɗarin garin neman gira a rasa ido. Lissafin masana ya nuna cewa idan aka fara kashe aladu alhali gaggafa na nan, yunwa za ta sa ta juya gaba ɗaya kan 'yan yanyawar da suka rage. Saboda haka aka haɗa matakai huɗu. An kama yanyawa aka killace su suna haihuwa a keji. An kama gaggafa masu ruwan zinare 44 da rai, tsakanin 1999 da 2006, aka kai su can arewa maso gabashin Kalifoniya. An dawo da 'ya'yan gaggafa mai farin kai 61 tsakanin 2002 da 2006. Sa'an nan aka raba tsibirin gida biyar da shingen waya, aka ɗauko ƙwararrun mafarauta daga Niyu Zilan, suka bi yanki-yanki da jirgi mai saukar ungulu da tarko da karnuka. Domin gano ɓoyayyu, sun yi amfani da aladun da aka yi wa aikin hana haihuwa aka rataya musu rediyo, aka sake su su nemo 'yan uwansu. Daga 2005 zuwa 2006 an kashe aladu 5,036. Masu fafutukar kare haƙƙin dabbobi sun kai ƙara kotu don a dakatar da aikin, ba su yi nasara ba. Damuwarsu ba abin rainawa ba ce, domin aladun ba su kawo kansu ba, sai dai alade na nan a kusan kowace nahiya, yanyawar kuwa idan ta tafi ta tafi ke nan. An sa ta cikin jerin dabbobin da ke bakin ƙarewa a 2004, aka cire ta a 2016, kuma babu wata dabba mai shayarwa da ta farfaɗo da sauri haka a tarihin dokar kare dabbobi ta Amurka.

Clipperton: tsugune ba ta ƙare ba

Clipperton ɗan tsibiri ne mallakar Faransa, kimanin kilomita 1,100 daga gaɓar Meziko. An kai aladu can a wajen 1897, zamanin da ake haƙar kashin tsuntsaye don yin taki. Mutanen ƙarshe sun bar wurin a 1917, aladu suka zauna. Da wani masanin tsuntsaye Ba'amurke mai suna Kenneth Stager ya isa a 1958, ya tarar tsuntsayen teku da ake kira bubi, waɗanda a da suka rufe tsibirin, sun koma kimanin 150 masu baƙar fuska da 500 masu ruwan ƙasa. Ya ɗauki bindiga ya harbe aladun duka, su 58. Zuwa 2003 masu baƙar fuska sun kai kimanin 112,000, taro mafi girma na irinsu a duniya, masu ruwan ƙasa kuma 25,000.

Sai dai akwai abin da ya biyo baya. Aladun na cin wata jar kaguwa ta tudu, kaguwar kuma na cin duk wani tsiro da ya leƙo. A zamanin aladu ciyawa ta rufe tsibirin. Da suka kau, kaguwa ta yi yawa har aka ƙiyasta ta da miliyan 11 a 1968, ta cinye ciyawar, aka koma farin fili sai 'yan bishiyoyin kwakwa. Wanda ya ga hoton tsibirin a lokacin zai ce an yi ɓarna, alhali kamanninsa na kafin zuwan aladu ne ya dawo. Kore ba kullum ne alamar lafiyar muhalli ba. Daga baya, a wajen shekarar 2000, ɓeraye suka sauka daga wani jirgin kamun kifi da ya fashe, suka kama cin kaguwa, ciyawa ta sake tsirowa.

Wahalar na ƙarshe

A tsibirin Santiago na Galapagos, mallakar ƙasar Ekwado, Charles Darwin ya tarar a 1835 da wani babban ƙadangare mai kama da damo, mai suna iguwana, da yawan da har ya yi musu wuya su sami inda za su kafa tanti saboda ramukansa. Bayan aladu sun yaɗu sai aka neme shi aka rasa. Aladun sun kuma riƙa tone ƙwan manyan kunkuru da na kififfiyar teku. An fara farautarsu a 1968, amma shekara da shekaru ana yi ana bari gwargwadon kuɗin da aka samu, aladun na mayar da gurbi kamar yadda lissafin da ya gabata ya nuna. Sai da aka tsananta a ƙarshen shekarun 1990 kafin a kashe na ƙarshe a 2000, bayan an cire fiye da 18,000. Waɗanda suka rage a ƙarshe su ne mafi wayo, sun san ƙarar bindiga da warin kare, har wahalar samun guda ɗaya ta ninka ta baya sau ɗaruruwa. A watan Janairu na 2019 an saki iguwana 1,436 a Santiago, a 2022 kuma aka ga 'ya'yansu da aka ƙyanƙyashe a can.

Aladun da Bristow ya saki a tsibirin Auckland kuwa suna nan. Su ne suka taimaka wajen riƙe ran mutum goma da suka tsira daga jirgin General Grant, wanda ya fashe a 1866, har aka cece su bayan wata goma sha takwas. Su ne kuma suka cinye manyan tsirrai masu faffaɗan ganye na tsibirin, suka kori albatros zuwa bakin duwatsun da ba su iya hawa. Ana gane girman asarar ne idan aka dubi tsibirin Adams da ke dab da shi, inda alade bai taɓa zama ba, tsirran da tsuntsayen na nan cunkus. Keɓewar kusan shekara 200 ta sa aladun Auckland ba su ɗauke da yawancin cututtukan aladun duniya, don haka a 1999 aka kwaso 17 zuwa birnin Invercargill, aka killace zuriyarsu, likitoci suka yi gwajin dasa wa masu ciwon sukari ƙwayoyin jikinsu masu samar da insulin. Hukumar kula da muhalli ta Niyu Zilan ta tsara shirin share aladu da kyanwoyi da ɓeraye daga tsibirin, mai faɗin kimanin hekta 46,000, kuma tsarin ya tanadi a fara da aladu, domin muddin suna nan za su cinye abincin gubar da za a watsa wa ɓeraye, su kuma ɓata tarkon da za a ɗana wa kyanwoyi.